Ƙarar Neman Diyya Saboda Sakaci da Munanan Raunukan Haɗari

Gabatarwa

An shirya wannan bayani ne domin wayar da kan jama'a, musamman mazauna karkara, da kuma hakimai, dagatai, masu unguwanni, kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne ake fara kai wa kuka idan haɗari ya auku. A kowace shekara mutane da yawa na rasa rayukansu ko gaɓoɓinsu a haɗarin mota, kifewar kwalekwale, gobarar tankar mai, faɗuwar wayar lantarki, rushewar gini, ko a bakin injin niƙa da na casa. Sau da yawa wanda ya nakasa shi ne mai ciyar da gida, amma sai maganar ta tsaya a kan jaje da ɗan kuɗin magani. Dokar Nijeriya ta ba wanda aka raunata saboda sakacin wani damar neman diyya a kotu. Wannan dama kuwa tana da sharuɗɗa, tana da wa'adi, kuma tana buƙatar hujja.

Ma'anar sakaci a shari'a

A wurin kotu, sakaci shi ne mutum ya kasa yin irin kular da mai hankali zai yi idan yana matsayinsa, ko ya aikata abin da mai hankali ba zai aikata ba, har wani ya cutu. Ba sharaɗi ba ne sai mutum ya yi niyyar cutarwa. Direban da ya san birkinsa ba ya ci, amma ya yi lodin fasinja ya hau hanya, bai yi nufin kashe kowa ba, sai dai ya yi sakaci. Haka kuma ba kowane haɗari ne ke jawo diyya ba. Idan mutum ya yi duk abin da ya kamata, amma abin ya zo ta hanyar da ba wanda zai iya hangowa ko karewa, babu diyya a kansa.

Nijeriya ta gaji wannan fanni na doka daga Ingila. Shari'ar da ta zama ginshiƙinsa ita ce ta Donoghue da Stevenson, wadda aka yanke a shekarar 1932. Wata mata ce a ƙasar Sikotilan ta sha lemon citta na kwalba a 1928, ta ce an sami ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki, kuma ta kamu da rashin lafiya. Kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan zamani ta yanke cewa mai sarrafa kaya yana da nauyin kula da lafiyar mai amfani da su, ko da ba daga hannunsa ya saya ba. Kotunan Nijeriya suna bin wannan ƙa'ida. A 2008, a shari'ar Okwejiminor da Gbakeji, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta ɗora wa kamfanin da ya sarrafa lemon kwalba alhakin rashin lafiyar wani mutum da ya sami mataccen kyankyaso a cikin kwalbar da ya sha.

Abubuwa huɗu da mai ƙara zai tabbatar

1. Cewa wanda ake ƙara yana da nauyin kula da lafiyarsa. Direba yana da wannan nauyi a kan fasinjojinsa da sauran masu bin hanya, likita a kan majiyyacinsa, mai gida a kan ma'aikacinsa, mai gini a kan masu shiga ginin.

2. Cewa ya kasa sauke wannan nauyi, kamar ta gudun wuce sa'a, tuƙi cikin maye ko gyangyaɗi, lodin da ya wuce kima, barin lalatacciyar mota a kan titi da dare babu alama, ko barin rami a buɗe a inda jama'a ke wucewa.

3. Cewa wannan gazawa ce ta jawo raunin kai tsaye.

4. Cewa an sami cuta ta haƙiƙa, wato rauni, nakasa, mutuwa ko asarar dukiya, kuma irin wadda mai hankali zai iya hangowa.

Idan ɗaya daga cikin huɗun nan ya faɗi, ƙara ta faɗi. Akwai kuma yanayin da haɗarin da kansa yake zama shaida, kamar mota ta bar titi ta afka cikin rumfar mai shayi. A irin wannan hali, wanda ake ƙara ne zai yi wa kotu bayanin yadda abin ya faru ba da sakacinsa ba.

Bambancin shari'ar laifi da ƙarar diyya

Mutane da yawa suna zaton cewa da zarar 'yan sanda sun gurfanar da direba a gaban kotu, maganar diyya ta shiga ciki. Waɗannan hanyoyi biyu ne daban. A shari'ar laifi, gwamnati ce mai gabatar da ƙara, manufarta horo, wato tara ko ɗauri, kuma kuɗin tara na gwamnati ne. A ƙarar diyya kuwa, wanda aka raunata ko iyalinsa ne ke shigar da ƙara, kuma kuɗin da kotu ta yanke nasu ne.

Dokar Shaida ta 2011 ta bambanta ma'aunin hujja a tsakanin biyun. A shari'ar laifi sai an tabbatar da laifin ba tare da wani kokwanto mai tushe ba, amma a ƙarar diyya rinjayen hujja ya isa. Saboda haka ana iya sallamar direba a shari'ar laifi, amma a same shi da alhakin biyan diyya a ɗaya shari'ar. Har ila yau dokokin laifuffuka na jihohin Arewa sun ba alƙali ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cuta, sai dai abin da ake yankewa ta wannan hanya bai cika kaiwa girman asarar mai nakasa ba.

Wa ake ƙara?

Ana ƙarar wanda ya yi sakacin. Amma doka ta kuma ɗora wa mai gida alhakin sakacin da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Idan direban kamfani ya buge mutum yayin da yake kai kayan kamfanin, ana haɗa direban da kamfanin a ƙara ɗaya. Wannan yana da muhimmanci domin sau da yawa direba ba shi da abin biya, mai motar ne ke da hali, kuma da sunansa aka yanki inshora. Idan kuwa direban ya ɗauki motar ne a ɓoye domin wata hidima tasa da ba ta shafi aiki ba, mai motar na iya kuɓuta.

Ana iya ƙarar ma'aikatar gwamnati, ƙaramar hukuma, asibiti, ɗan kwangila, ko kamfanin rarraba wutar lantarki. Tun watan Nuwamba na 2013 rarraba wuta ya fita daga hannun tsohuwar hukumar lantarki ya koma hannun kamfanoni, saboda haka kamfanin da ke kula da yankin ne ake nema idan waya ta tsinke ko taransifoma ya yi ɓarna. Yaro ƙarami da wanda ya sami taɓin hankali ba sa shigar da ƙara da kansu, sai ta hannun uba, uwa ko waliyyi.

Abin da wanda ake ƙara zai iya kare kansa da shi

Babbar kariya ita ce cewa shi ma wanda ya ji raunin yana da nasa kason sakaci. Wannan ba ya kashe ƙara, amma yana rage diyya gwargwadon laifin kowa. Misali, idan kotu ta ƙiyasta asarar mutum a kan naira miliyan 10, sannan ta ga cewa kashi 20 cikin 100 na laifin nasa ne, domin ya hau babur babu hular kwano ko ya zauna a saman kaya a bayan tirela, zai tashi da naira miliyan 8.

Kariya ta biyu ita ce cewa mutum ya san haɗarin sarai, kuma ya jefa kansa ciki da yardarsa. Gobarar tankar mai da ta auku a garin Majiya na Ƙaramar Hukumar Taura a Jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, ta ci rayukan mutane fiye da 150, kuma da yawansu sun je wurin ne bayan tankar ta faɗi. Baya ga asarar rai, duk wanda ya kusanci tankar da ta faɗi domin ɗibar mai yana raunana duk wani haƙƙi da shi ko iyalinsa za su nema daga baya.

Ire-iren diyya

Diyya iri biyu ce. Ta farko ita ce asarar da ake iya lissafawa dalla-dalla tun daga ranar haɗari: kuɗin asibiti, magani, hoton ƙashi, aikin tiyata, kuɗin mota zuwa asibiti, keken guragu, ƙafar roba, gyaran babur, da albashi ko cinikin da aka rasa lokacin jinya. Kotu ba ta bayar da wannan sai an rubuta kowane abu da adadinsa a takardar ƙara, an kuma tabbatar da shi da rasit ko wata ƙwaƙƙwarar shaida.

Ta biyu ita ce wadda alƙali ke ƙiyastawa da kansa: raɗaɗi da wahalar da aka sha, rasa gaɓa, tabo ko canjin kamanni, kasa yin abin da mutum ya saba yi, da kuma raguwar abin da zai iya samu nan gaba. A nan ana duba shekarun mutum, sana'arsa, girman nakasar, da abin da kotuna suka yanke a shari'o'i masu kama da tasa. Yanke yatsu uku ba ɗaya ba ne a wurin tela da mai gadi. A munanan raunuka, kamar karyewar laka da ke jawo shanyewar jiki, raunin ƙwaƙwalwa, makanta ko ƙuna mai tsanani, wajibi ne likita ya rubuta irin jinyar da mutum zai buƙata har ƙarshen rayuwarsa, domin diyya sau ɗaya ake yanke ta. Ba a komawa kotu neman ƙari idan ciwo ya tsananta daga baya.

Manomi, makiyayi ko ɗan tireda da ba shi da takardar albashi bai rasa haƙƙinsa ba. Zai iya kawo shaidun da suka san yawan buhunan da yake samu a damina, ko shugaban ƙungiyar sana'arsa, ko littafin da yake rubuta ciniki.

Idan rai ya salwanta

Tun 1956 tsohuwar Jihar Arewa ta kafa dokar diyyar haɗarin da ya jawo mutuwa, kuma jihohin da aka ƙirƙira daga cikinta sun gaje ta ko sun yi tasu a kan tsarinta. A ƙarƙashin wannan doka ana shigar da ƙara ɗaya ne a madadin iyalin mamacin na kusa, kamar mata, miji, 'ya'ya da iyaye. Abin da kotu ke aunawa shi ne tallafin da suka rasa: nawa mamacin ke kashewa a kansu, kuma shekara nawa ake sa ran zai ci gaba da yin haka. Yana da kyau iyali su haɗu su wakilta mutum guda tun farko, su kuma rubuta sunan kowane magaji, musamman marayu ƙanana.

Diyya a shari'ar Musulunci

Biyan diyya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure. Littattafan mazhabar Malikiyya da alƙalanmu suka daɗe suna aiki da su, kamar Muwaɗɗa ta Imam Malik, Risala da Mukhtasar, sun fayyace adadinta: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari 1,000 ya kai kimanin kilo 4 da kwata na zinariya, shi ya sa ƙimar diyya da naira take sauyawa tare da farashin zinariya.

Gaɓoɓi ma suna da nasu ƙididdigaggen haƙƙi. Rasa hannu biyu ko ido biyu cikakkiyar diyya ce, hannu ɗaya rabi, kowane yatsa kashi ɗaya cikin goma, haƙori kuwa raƙuma biyar. A kisan kuskure dangin wanda ya yi kisan na wajen uba ne ke haɗa diyyar, kuma ana biyanta cikin shekara uku. Kaffara, wato azumin wata biyu a jere, tana kan wanda ya yi kisan, kuma yafe diyya ba ya ɗauke ta. Magada baligai suna da ikon yafe rabonsu. Rabon maraya kuwa amana ce, bai halatta wani ya zubar da shi don neman suna ko jin kunyar surukai ba. A jihohin da suka faɗaɗa aiki da Shari'a tun daga shekarar 2000, kotunan Shari'a na sauraron irin wannan magana tsakanin Musulmi.

Inshorar abin hawa

Doka ta tilasta wa duk mai abin hawa ya yanki inshorar da ke biyan wanda ya raunata, ko iyalin wanda ya kashe, ko mai dukiyar da ya lalata. An fara wannan da dokar 1945, kuma a 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora da ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda. Sabuwar dokar ta kuma tanadi asusu domin waɗanda motar da ba ta da inshora, ko direban da ya gudu, ya raunata.

Daga ranar 1 ga Janairu, 2023, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta mayar da kuɗin wannan inshora naira 15,000 a shekara ga motar gida, tare da biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, naira 5,000 ga keke mai ƙafa uku, da naira 3,000 ga babur. A watan Fabrairu na 2025 kuma 'yan sanda suka fara tilasta bin dokar a faɗin ƙasa. Matsalar da ake yawan samu ita ce takardar jabu da ake saye a hannun 'yan kamasho. Ana iya tantance sahihancin takarda ta hanyar sa lambar mota a rumbun bayanan inshora na NIID a intanet. Idan haɗari ya faru, a sanar da kamfanin inshora a rubuce ba tare da jinkiri ba, domin jinkiri na iya ba shi ƙofar ƙin biya.

Raunin da aka ji a wurin aiki

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, har da na wucin gadi da masu koyon sana'a, ban da sojoji. Hukumar NSITF ce ke gudanar da ita. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya kowane wata, kuma haramun ne ya cire wannan daga albashin ma'aikaci. A wannan tsari ba sai an tabbatar da sakacin kowa ba. Ya isa a nuna cewa raunin ya faru a bakin aiki, ko a hanyar zuwa aiki ko komawa gida.

Ma'aikaci ko iyalinsa za su sanar da mai gidan aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, sannan a miƙa takardar neman diyya cikin shekara ɗaya. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Dokar ta ba ma'aikaci zaɓi tsakanin karɓar wannan diyya da shigar da ƙara, don haka ya nemi shawara kafin ya zaɓa. Rigingimun da suka shafi aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraronsu.

Sakacin asibiti

Ba duk mutuwa ko taɓarɓarewar ciwo a asibiti ce sakaci ba. Ana auna likita ne da abin da ƙwararren likita irinsa zai yi a wannan hali. Barin almakashi ko auduga a cikin ciki bayan tiyata, ƙarin jinin da bai dace ba, da yanke gaɓar da ba ita ce mai ciwon ba, suna cikin abin da kotu ke ɗauka sakaci. Irin wannan ƙara tana buƙatar shaidar wani likita. Ana kuma iya kai koke ga Hukumar Kula da Likitoci ta Ƙasa, wadda ke da ikon dakatar da likita ko soke lasisinsa, amma ba ta yanke diyya.

Jama'a su sani cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili. Hukuncin saɓa wannan shi ne tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun.

Wa'adin shigar da ƙara

Nan ne mafi yawan masu haƙƙi ke yin asara. Kowace jiha tana da dokar da ta ƙayyade lokacin shigar da ƙara, kuma lokacin yana fara ƙirguwa ne daga ranar haɗari. A Abuja da Legas wa'adin ƙarar raunin jiki shekara uku ne, a wasu jihohi kuma ya bambanta. Idan ya wuce, kotu ba za ta saurari ƙarar ba komai ƙarfin hujja.

Idan wanda za a yi ƙara jami'in gwamnati ne ko hukuma, a kan abin da ya faru a bakin aiki, Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta rage wa'adin zuwa wata uku kacal, kuma mafi yawan jihohi suna da irinta. Bugu da ƙari, dokokin ƙananan hukumomi da na wasu hukumomi sun ce sai an aika musu da takardar sanarwa kafin a kai su kotu, yawanci da wata guda. Alkawarin baki na cewa za a duba lamarin ba ya tsayar da ƙirgen kwanaki. Saboda haka wanda motar hukuma ta buge ya ga lauya tun yana gadon asibiti.

Hujjojin da za a adana

1. Lambar mota, sunan direba, sunan mai motar da tashar da ta taso.
2. Rahoton 'yan sanda da zanen wurin haɗari, rahoton jami'an duba lafiyar motoci, da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda ake kira a lamba 122.
3. Sunaye da lambobin wayar waɗanda suka gani da idonsu.
4. Hotunan wurin, na motar da na raunin. Kada a goge su ko a sayar da wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida yana buƙatar bayanin na'urar da aka ɗauka da ita.
5. Katin asibiti, rahoton likita, hoton ƙashi da kowane rasit.
6. Takardar shaidar mutuwa, idan an rasa rai.

Wanda ya zaɓi zuwa wurin mai ɗori ya fara biyawa ta asibiti a ɗauki hoto a rubuta rahoto. In ba haka ba, idan ƙafa ta lalace, wanda ake ƙara zai ce ɗorin ne ya lalata ta.

Kotu da matakan shari'a

Babbar Kotun Jiha ce ke sauraron manyan ƙararrakin diyya, domin ba a ƙayyade mata adadin kuɗin da za ta iya yankewa ba. Ƙananan kotuna suna da iyaka. Lauya zai shigar da takardar ƙara tare da rubutattun bayanan shaidu, a kai wa wanda ake ƙara sammaci, shi ma ya kawo martani. Daga nan a saurari shaidu, lauyoyi su yi musu tambayoyi, alƙali ya yanke hukunci. Wanda bai gamsu ba yana da wata uku ya je Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga can kuma sai Kotun Ƙoli. Idan wanda aka kayar ya ƙi biya, kotu na iya sa a kama kadarorinsa a yi gwanjonsu, ko a cire kuɗin daga asusunsa na banki.

Shari'a na iya ɗaukar shekaru. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 sun rasu, wasu kuma iyayensu sun ce sun nakasa. Iyalai sun shigar da ƙara a Amurka a 2001, Gwamnatin Jihar Kano ta shigar da tata a 2007. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75. Sai a watan Agusta na 2011 aka fara biya, inda iyalai huɗu suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar da dangantakarsu da yaran. Shekara 15 ke nan tsakanin aukuwar abin da biyan farko, kuma hujja ce ta raba wanda ya samu da wanda bai samu ba.

Sulhu

Sulhu alheri ne, kuma kotuna da kansu suna ƙarfafa shi. Wasu jihohi suna da cibiyar sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotu, kamar wadda aka buɗe a Kano a 2009. Amma a kiyaye abu uku. Kada a yi sulhu kafin likita ya faɗi iyakar raunin. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta wa mutum da harshen da yake ji ba, domin takardar da ta ce an karɓi kuɗi a matsayin biya na ƙarshe tana rufe ƙofar kotu. Sannan a rubuta yarjejeniyar da adadin kuɗi, ranakun biya da sunayen shaidu, in da hali a kai ta kotu ta zama hukunci.

Wanda ba shi da kuɗin lauya

Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a jihohi. Dokarta ta 2011 ta sa ƙarar diyyar haɗari cikin ayyukan da take yi kyauta ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar naira 70,000 a wata a 2024. Rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA su ma suna taimaka wa marasa ƙarfi. Ƙa'idojin aikin lauya sun kuma yarda a yi yarjejeniyar biyan lauya wani kaso daga abin da aka samu a ƙarshe. A rubuta kason tun farko, kowa ya riƙe kwafinsa.

Kira ga shugabannin al'umma

Ana kira ga masu riƙe da sarautu da jami'an ƙananan hukumomi da su tabbatar an kai wanda ya ji rauni asibiti kafin komai, an sanar da 'yan sanda, an kuma rubuta sunayen shaidu tun ranar. Su hana matasa dukan direba ko ƙona mota, domin wannan laifi ne, kuma yana lalata hujjar da mai rauni zai dogara da ita. Idan sun zauna sulhu, kada su matsa wa gwauruwa ko mai nakasa lamba su yafe abin da za su rayu da shi. Ƙananan hukumomi kuma su duba nasu ɓangaren: motocinsu su kasance da inshora da ƙwararrun direbobi, a rufe ramuka da tsofaffin rijiyoyi, a gyara azuzuwa da rumfunan kasuwa da suka tsage, a kuma hana lodin da ya wuce kima da tafiyar dare a mashigun ruwa, tare da tilasta sa rigar kariya.

Kammalawa

Yarda da ƙaddara bai hana neman haƙƙi ba, kuma yafiya tana da daraja ne idan mai haƙƙi ya san abin da yake yafewa. Wannan bayani na gaba ɗaya ne, dokoki kuma sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Duk wanda haɗari ya shafa ya tattara takardunsa, ya tuntuɓi lauya, ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Ma'aikatar Shari'a ta jiha, tun wa'adi bai ƙure masa ba.